Kada Ka Shuka Alkamar da Innarka Ta Ba Ka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga ubanka a Danwarai zuwa gare ka a Giwa Tazo. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da iyalinka, da fatan kun sauka lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin baƙunta, da na ruwa, da na bakin mutane. Ka gaishe mini da surukinka, ka yi masa godiya a kan fadamar da ya yanka maka.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Na rubuta wannan takarda da hannuna, shi ya sa ka ga baƙaƙen sun karkace, don ba na son malamin unguwa ya riga ka jin abin da ke ciki. Zan ba wani mai jaki da zai ci kasuwar Maiyama, na roƙe shi kada ya kwana da ita. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, ko da ranka ya ɓaci a tsakiya. Na san kunnenka irin nawa ne, ado kawai yake yi wa kai, amma wannan karon ka saurara.

Na san innarka ta ba ka irin alkama a gora. Bayan tafiyarka na je ɗaga tulun nan da ke ƙuryar ɗakina, na ji ya yi sauƙi. Na duba yumɓun bakinsa na ga sabon liƙi ne, ga shatin yatsunta a jiki. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, na kuma san ka riga ka ja fangalinka kana ɗokin shuka. Kada ka shuka shi. Ko ƙwaya ɗaya kada ka bari ta taɓa ƙasar mutanen nan.

Na san abin da za ka ce, cewa rowar tsohon nan ta biyo ka har ƙasar Maiyama. Ranar da za ka tafi ka durƙusa a zaure ka ce, "Baba, a ba ni ko cikin tahi guda na irin Kaka, in tahi da albarkar gida." Na ce maka babu. Da ka miƙe na ji abin da ka faɗa ƙasa-ƙasa: "Kowa ga garin ga shina ba ɗanai iri, ni ɗai ad da uba marowaci." Ban ji haushinka ba. Ni na zaɓi wannan suna da kaina, don na ga ya fi mini sauƙin ɗauka a kan na gaskiyar.

Ka tashi ka tarar a Danwarai ba a hana iri. Wanda ya zo maka da ƙwarya lokacin shuka, ko jiya kuka yi cacar baki, za ka zuba masa, in ya girbe ya mayar. Kakanka, wanda ka ci sunansa, rabin fadamar nan daga tulunsa ta samu iri. Alkamarsa ja ce, ƙanana, mai taurin tsiya, mata suna niƙa suna tsine mata. Amma ba ta taɓa ba shi kunya ba, kuma da zai rasu ita ya damƙa mini kafin ya yi maganar gona.

Kana rarrafe Nasara suka fara kama mutane ɗaukar kaya. An taɓa tafiya da ni sau ɗaya. Na dawo gammo ya cinye mini gashin tsakar kai, wuyana ba ya juyawa, kuma na ga an bar wani mutumin Aliero a bakin hanya yana numfashi sama-sama, aka ɗora kayansa a kan na wani muka wuce. Na rantse ba zan sake komawa ba. Sai ga yaran hakimi da labari cewa bariki na son alkama don gurasar Bature, kuma wanda aka zaɓi tasa ba za a taɓa shi da kaya ba. Na dubi jar alkamar ubana na ga ba mai zaɓenta.

A kasuwar Jega na ga wani baƙo da alkama fara, ƙosassa, irin wadda ban taɓa gani ba. Ban tambaye shi garinsu ba. Ban tambaye shi wace ƙasa ta haife ta ba. Na ga bakin ƙwayoyin ya ɗan yi duhu, na ga layin tafin hannunsa baƙi, na ce dattin hanya ne. Ko sunsunawa ban yi ba, don ina tsoron wani ya riga ni. Na tuɓe rigata ta Juma'a na ba shi, na dawo gida da 'yar shara. Sannan na yi abin da ya fi sayen muni: na juye ta cikin tulun kakanka na cakuɗa, don kada a ce ɗan Malam ya yar da irin ubansa tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba.

To, ka riƙe wannan. Kada ka karɓi irin da ba ka ga uwarsa a tsaye a gona ba. In kuwa ka ga lallai sai ka gwada baƙon iri, ka ba shi fangalinsa daban, ƙwaryarsa daban, ka zuba masa ido har ya nuna halinsa. Kuma duk ranar da ka ji tsoro na tura ka kasuwa, ka koma gida ka kwana tukuna. Ni tsoro ne ya yi mini ciniki ran nan.

Kai ba ka taɓa ganin ciwon nan da idonka ba, don na ɓoye maka shi, saboda haka bari in kwatanta maka. Burtuntuna muke ce masa, kamar na dawa, amma a alkama iri biyu ne. Akwai mai fitowa fili: zangarniya ta fito baƙa ƙirin, iska ta kaɗe ta, a bar tsinke tsirara. Akwai kuma munafukin, wanda ya fi cutarwa. Zangarniyar tana tsaye kamar lafiyayya, har ta fi 'yan'uwanta buɗewa. Sai ka matse ƙwaya ta fashe, ka ga baƙin gari mai maiƙo, yana warin ruɓaɓɓen kifi. Wajen sussuka garin nan yake bin lafiyayyun ƙwayoyi ya manne, ya kwanta tare da su a rumbu, ya tashi tare da su in an shuka.

Shekarar farko kaɗan ya nuna. Na ga baƙaƙen zangarniyoyi nan da can, na tsinke na tura cikin taɓo da ƙafa. Wata rana na matse wata ƙwaya ta fashe a yatsana, na kai hanci, na goge a wando, na waiga ko wani ya gan ni. Da aka yi girbi na kai tarina masussukar gari, inda kowa ke kai nasa, ƙasa ɗaya, sanduna ɗaya, faifan mata na yawo daga tari zuwa tari. Yaran hakimi suka zo suka zaɓi tawa. Aka tafi da wasu ɗaukar kaya, ni ina zaune a zaure ina shan fura.

Da lokacin shuka ya zo sai ga mutane da ƙore a ƙofar gidana, kowa na son farar alkamar da ta fid da ni. Na zuba musu. Ina zubawa ina jin warin nan a yatsana, ina kuma jin daɗin yadda suke ce mini ɗan Malam ya gaji ubansa wajen kyauta. Da a ran nan na ce, "Ku dakata, na ga wani abu a cikinta," da ba'a kawai za a yi mini a bakin masallaci, a manta kafin damina.

Ka ji ni da kyau. In ka ga aibi a amfaninka, ka faɗa tun yana fangali ɗaya. Kunyar ran nan ƙarama ce, kana iya ɗauka. Kuma kada ka kai abin da kake shakka masussukar jama'a, ko da za ka sussuke shi da tafin hannunka.

Shekara ta biyu abin ya fito fili. Sanda na sauka a kan tari baƙin gari na tashi, mata masu shiƙa fuskokinsu suka koma kamar sun kwana a maƙera, kowa na tari, wari ya cika wurin har ƙudaje suka taru. Akwai wani Bafillace, Modi, da ya daɗe da zama cikinmu da 'yan shanunsa. Fangalinsa na jikin nawa, jigo ɗaya muke ban ruwa da shi, shi ya kawo icen ni na kawo igiya. Ya ɗebi alkama daga tarina ya sunsuna, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Aboki, wanga wari na ji shi tun bara ga tarinka. Ina kas samo wanga iri?"

Tambaya ce ta mai son a gyara. Amma na ga mutum biyu sun juyo, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Kai ka tambaya ta? Wa at tsaye bisa alkamata bara shina yabo, ko tubarkalla bai ce ba? Tun ran nan ban ƙara ganin daidai ba."

Ka san mutane in suna cikin asara, wanda za su ɗora wa suke nema, kuma baƙo ya fi sauƙi. Ba wanda ya doki Modi. An dai daina sayen nonon matarsa. An daina amsa sallamarsa da baki, sai da kai. A masallaci in ya tsaya a sahu sai a bar tazara tsakaninsa da na kusa. Kafin ruwan farko ya ɗaure kayansa a kan sa. Da ya zo wucewa ta ƙofata ina zaune, ya tsaya ya ce, "Jigon na bar maka, ka riƙa shafa mai mai, shina tsagewa." Ban ɗaga kai ba. Icen nan da ka koyi ban ruwa da shi, wanda kake lilo a kai ina korarka, nasa ne.

Duk wanda ya ja ka gefe ya tambaye ka abin da ba ka son ji, ka riƙe shi, ya fi maka masu yabo. Kuma yanzu kai ne baƙo a garin mutane. In wani abu ya lalace a fadamar Giwa Tazo, kai za a fara duba. Na san yadda ake yi, don ni na taɓa nuna yatsan.

Ƙaryar nan ba a kan Modi ta tsaya ba. Tunda na ce baki ne, kuma mai bakin ya tafi, sai gari ya sake shuka irin nan hankali kwance. Ni ma na shuka, don in na ƙi za a tambaye ni dalili. Daminar shekarar kuwa ruwa ya ɗauke gero na cikin fid da kai, dawa ta bushe a tsaye. Dā in haka ta faru alkama ce ke fid da Danwarai, mu kai ta Jega a musanya mana da hatsi. Wannan karon da muka sauke taikuna, ma'auna suka sa hannu suka sunsuna suka ture. Har ya zama in an ji wari a layin hatsi sai a ce 'yan Danwarai sun iso. Muka koro jakunanmu da kayansu muka dawo.

Mata suka wanke, suka shanya, suka niƙa. Tuwon ya fito toka-toka, warin na nan. Manya mukan toshe hanci mu haɗiye, mu bi da bado da tafasa. Yara kuwa sai amai. Ƙanwarka Kulu a shekarar aka yaye ta, don nonon innarka ya ƙafe. In an kai mata kunun bakinta sai ta kau da kai, in an ɗura mata ya dawo. Kai ka fi ta wayo, kana bin yara tonon bado, shi ya sa ka rayu.

Bariki ma suka dawo da alkamarmu, kuma da aka zo kamun masu ɗaukar kaya da ni aka fara. Ina can ƙarƙashin akwatin Bature aka binne Kulu. Na dawo na tarar da innarka zaune a bakin murhun da ba wuta, ta nuna mini wurin da hannu. Ba Kulu kaɗai ba ce. Akwai gidajen da har yau in na wuce ƙofarsu nake sauri. Ka sha tambayata me ya kashe ƙanwarka, ina ce maka ajali. Ajali ne, ban musa wa Allah ba. Amma abincin da ta kasa haɗiyewa, ni na kawo shi garin nan a kan rigar Juma'a.

Bayan yunwar dattawa suka taru suka yanke cewa a ƙone duk irin alkamar da ke gari, a kankare masussuka a sake mata wuri, a je garin Jiga Makera a roƙo sabon iri. A can aka koya mana abin da ka ga muna yi kana tsammanin al'ada ce kawai: a zuba iri a ruwan gishiri, a kwashe abin da ya taso a ƙone, a shanya a sabuwar tabarma, a yi shuka da wuri kafin sanyi ya kama ƙasa. Ka riƙe wannan, kada ka yi ƙyuya ko shekara ɗaya.

Ranar ƙonawa kowa ya kawo nasa. Ni ma na kawo taiki na juye a wuta, amma na hana tulun. Na ce wannan tsantsar irin Malam ne, a liƙe yake tun yana da rai, bai taɓa haɗuwa da komai ba. Liman ya dube ni ya ce in rantse, na rantse. Gaskiya jajayen ƙwayoyin ubana na ciki, kuma raina bai iya ganinsu a wuta ba. Amma kada in yi wa kaina ado: in na yarda tulun ya kamu, za a tambayi wanda ya zuba masa, daga nan sai a tuna da Modi.

Tun daga shekarar nake shuka shi ni kaɗai a fangalin nan na can bayan kuka, inda na hana ka zuwa kana ta ƙunƙuni. Nakan riga kowa isa fadama in tsinke baƙaƙen zangarniyoyi in binne. Nakan sussuke a ɗaki a kan buzu, ƙofa a rufe, innarka na tsammanin wani sirrin Malam nake karantawa. Na zauna na tsince ja daga fara ƙwaya-ƙwaya har idona ya lalace. Na wanke da gishirin da ya isa miyar gida ta shekara. Mai warin ya ragu, amma mai baƙin kai bai taɓa fashin shekara ba. A cikin ƙwayar yake, inda ruwa ba ya kaiwa. Saboda haka kada ka ce za ka wanke na gorarka ka shuka. Na riga ka gwadawa, shekarunka kusan duka.

Shi ya sa duk mai zuwa da ƙwarya neman irin Malam nake ce masa babu. Na ga yadda kake sunkuyar da kai in yara sun ce ubanka ya hana iri. Na ga yadda aka daina kirana ɗaurin aure sai in ba yadda za a yi. Na ɗauka in na jure wannan na biya. Ban biya komai ba, ɓoyewa kawai na ci gaba da yi, ga shi har ta kai innarka ta sace maka ciwo tana tsammanin albarka ta ba ka.

Ga abin da za ka yi. Ka fita bayan gari nesa da fadama, ka haƙa rami, ka ƙone irin tare da gorar da tsumman da aka naɗe ta, ka mayar da ƙasa. Kada ka ba kaji, kada ka zuba a ruwa, kada ka ce bari matarka ta yi muku alkaki da shi don kada a yi asara. Ka wanke hannunka da rigar da ka ɗauko shi kafin ka taɓa irin kowa.

Sannan ka ɗauki ƙwarya wofi ka nemi gidan Modi. An gaya mini yana da rai, a gefen Giwa Tazo ta wajen mashayar shanu, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ke noman alkama. Tun da aka fara maganar aurenka a garin na san haka, na yi shiru. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka faɗi ko ɗan wane ne kai, ka karanta masa takardar nan tun daga bisimilla, kada ka tsallake inda ya yi maka nauyi. In yana so a karanta a gaban jama'a, ka karanta. Daga nan ka roƙe shi iri. In ya zuba maka, ka shuka. In ya ce babu, ka yi godiya ka tashi, kada ka ƙara ko kalma, ya fi ni gaskiyar faɗin haka.

Yau da safe, kafin in naɗe takardar nan, na gaya wa innarka. Tana shiƙar gero a tsakar gida na tsaya na faɗa mata duka. Ta ci gaba da shiƙarta. Da na gama ta ajiye faifai ta ce, "Shekarad da Kulu tar rasu, kana sane?" Na ce ina sane. Ta shiga ɗakina, inda ba ta shiga sai na kira, ta fito da tulun ta dire a tsakar gida, ta fasa bakin da taɓarya. Ta tara kara a kai, ta ɗebo garwashi a kasko ta miƙo mini. Ni na sa wutar. Abincin rana ma a bakin ƙofa na tarar da shi. Ran Juma'a in Allah ya kai mu zan tsaya bayan salla in gaya wa Danwarai, tun da sauran waɗanda suka binne 'ya'yansu a raye.

Saboda haka abin da ke cikin gorarka shi ne ƙarshen irin kakanka a duniya. Babu wani a tulu, babu a rumbu, babu a gidan kowa. Na san nauyin abin da nake sa ka, don ni na kasa yin sa har ka girma ka yi aure.

Allah ya tsare ka a inda kake. Allah ya ba ka maƙwabta na gari, ya sa ka zame musu alheri. Allah ya raba gonarka da ciwo, ya raba bakinka da irin abin da nawa ya faɗa. Ya jiƙan Kulu da waɗanda suka tafi tare da ita. In ka samu wuri a zuciyarka ka roƙa mini gafara, in ba ka samu ba tukuna, ba zan ga laifinka ba.

Kai ne ɗan farina, kuma sunan ubana gare ka, shi ya sa tun da aka raɗa maka shi bakina bai taɓa kiransa ba, sai "kai" da "yaron nan". Yau na ajiye kunya.

Ummaru, ɗana, ka ƙone shi.

Wassalam.